Mastar Birki a Hot Rod: Ƙarƙashin Daɓe, Jikin Bangon Inji, ko Bayan Dashbod?

Ranar da aka ɗora bodi a kan shasi, aka zaunar da inji da giyabos, aka soka sandar sitiyari ta inda ta samu hanya, a ranar ne da yawa daga masu haɗa hot rod ke tuna cewa motar nan fa sai ta tsaya. Mutum ya durƙusa ya leƙa gurbin ƙafar direba, sai ya tarar da ɗan wurin da takalmi biyu ma da ƙyar za su jeru, kuma a nan ake so totur da birki da kuloci su zauna. Ga sandar sitiyari ta ratsa ta tsakiya, ga bututun hayaƙi yana neman hanya ta ƙasa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan aikin kullum sai ka ga ana fafewa.

Matsin nan gado ne. Hot rod tsohuwar motar Amurka ce, galibi Ford ta shekarun 1920 zuwa 1940, da aka rage wa nauyi aka cusa wa injin da ya fi ƙarfinta. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka faro abin, suna tsere a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage. Motocin da suka fi so, wato Model A ta 1928 zuwa 1931 da Ford ta 1932, ba a ƙera su da birkin mai ba. Sandunan ƙarfe ne ke jan birkinsu, kuma sai a 1939 kamfanin Ford ya koma birkin mai. Saboda haka babu gurbin da maƙeran motar suka tanadar wa masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki zuwa tayoyi. Kai ne za ka ƙirƙiro shi, kuma zaɓinka uku ne: ka ɗaura ta a shasi ƙarƙashin daɓe da feda mai ɓullowa ta ƙasa, ka kafa ta a bangon da ya raba inji da ɗakin direba da feda mai reto daga sama, ko ka ɓoye ta gaba ɗaya a bayan dashbod.

Lissafin da zai bi ka duk inda ka je

Feda ba komai ba ce illa sandar banƙara. Ka auna daga inda take juyawa zuwa tsakiyar matakin ƙafa, ka auna daga wannan majuyi zuwa inda sandar tura fistan ta maƙale, ka raba na farko da na biyu. Inci 12 a kan inci 2 ya ba ka 6 ga 1. Birkin da babu busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki, yana son kimanin 6 zuwa 7 ga 1, mai busta kuwa 4 zuwa 5 ga 1 ya ishe shi.

A ce ƙafarka ta danna da nauyin fam 100, kimanin kilo 45. Da feda mai 6 ga 1, fam 600 ke isa fistan. In faɗin ramin mastar inci 1 ne, matsin mai a bututu zai kai kusan psi 760 (psi shi ne fam nawa ke danna kowane murabba'in inci). In ramin inci 7/8 ne, zai kusa psi 1,000. In kuwa inci 1 da 1/8 ne, psi 600 kawai za ka samu. Nan mutane ke ruɗewa, suna zaton babbar masta ita ce mai ƙarfi. Babba tana tura mai da yawa da ɗan motsi kaɗan, amma feda ta yi tauri kamar dutse, motar kuma ta ƙi tsayawa. Ƙarama tana ba da matsi, sai dai fedar za ta yi tafiya mai nisa kafin ta kama.

Wannan tafiyar ita ce ta haɗa lissafin da batun wuri. Fistan masta yana tafiyar kusan inci 1 ko ɗan fiye. A 6 ga 1, sai matakin ƙafa ya samu filin inci 6 ko fiye kafin ya taɓa daɓe. Tun ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci masta mai layi biyu, don in bututun gaba ya fashe na baya ya riƙe motar. Amma ran da layi ɗaya ya mutu, feda takan nutse can ƙasa kafin ɗayan ya kama. In fedarka tana cin karo da daɓe a inci 4, ka sayi masta mai layi biyu ne kawai ka ajiye, ran da ka buƙace ta ba za ta yi maka komai ba. Ka riƙe wannan inci 6 a ranka, don shi zai yanke maka hukunci fiye da kowane hoto da ka gani na motar wani.

Ƙarƙashin daɓe

Haka Ford ta yi a 1939: fedar birki da ta kuloci a kan maƙali guda da aka ɗaure a gicciyen ƙarfen tsakiyar shasi, masta tana kwance a bayansu. Har yau masu son motar ta fito kamar ta shekarun 1940 da 1950 suna farautar wannan maƙalin na 1939, kamfanoni kuma suna ƙera kwatankwacinsa don shasin Model A da na 1932.

Babban abin da nake so game da wannan tsari shi ne wanda ke ɗaukar nauyin. Fam 600 ɗin nan da muka lissafa, ko ninkinsa a taka birkin firgita, duk a jikin ƙarfen shasi yake sauka, kuma shasi bai san an yi ba. Babu lanƙwasa, babu tafiyar feda da ke ɓacewa a banza. Ga mai bodin faiba wannan kaɗai ya kusa rufe magana, domin faiba ba abin da za ka jingina rayuwarka a kai ba ne. Sannan dukan birkin, daga masta har taya, yana jikin shasi. Za ka iya ja bututu, ka fitar da iska, ka gwada, tun bodi na jingine a gefe. Ran da za a ɗaga bodi a kai fenti ba a kwance ko noti ɗaya na bututun mai ba, matakin feda kawai za a cire. Bangon inji kuma ya zauna fes, wanda ga motar da ke yawo babu murfin inji ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga kuɗin da za ka biya. A mota mai sitiyari a hagu, tsakanin dogon ƙarfen shasi na hagu da giyabos akwai wani ɗan lungu, kuma kowa can yake so. Bututun hayaƙin hagu ta nan zai bi. In giyabos mai sarrafa kansa ne, irin TH350 ko 700R4, tumbinsa ya ci rabin wurin. Ka ƙara busta mai faɗin inci 7, sai ka ga ko dai ta leƙo sama ta ɗaga daɓe, ko ta zazzago ƙasa da shasi. Wannan na biyu shi ne mai haɗari. Masu duba lafiyar irin waɗannan motoci a Amurka, kamar ƙungiyar masu hot rod ta NSRA, suna da ƙa'ida mai sauƙin fahimta: in taya ta sace, gefen wili ne kawai ya kamata ya taɓa titi, kada wani sashe na birki ko sitiyari ya riga shi. Mastar da ke reto a ƙasan wannan layi, taya ɗaya ce tsakaninka da rasa birki.

Sai zafi. Man birki nau'in DOT 3 yana tafasa ne a digiri 205 na ma'aunin Salshiyos in sabo ne, DOT 4 a 230. Amma dukansu suna shan danshin iska, kuma in sun sha, na farko kan sauko zuwa wajen 140, na biyu 155. Mastar da ke zaune inci biyu daga bututun hayaƙi, a wurin da ruwan titi ke fantsama mata, ta haɗa abu biyun da ke lalata mai. In man ya tafasa, tururi ne a bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, feda ta tafi ƙasa salin alin. Maganin shi ne tazara gwargwadon iko, da garkuwar faranti tsakanin bututun da mastar, wadda ba ta manne da ko ɗaya ba, don iskar da ke ratsawa ita ce ainihin mai aikin.

Akwai kuma batun gangara. A motar da aka sassauko da ita, mastar ƙarƙashin daɓe kan zo daidai da kalifa, wato abin da ke matse faifan birki a taya, ko ƙasa da ita. Mai ruwa ne, gangara yake bi, sai ya riƙa komawa masta yana jan fistan kalifa baya. Da safe ka taka, feda ta nutse, sai ka sake takawa ta dawo. Don haka ake saka ɗan bawul mai riƙe ragowar matsi a layin: psi 2 ga birkin faifai, psi 10 ga birkin duram. Kada a musanya su. Mai psi 10 a layin faifai zai sa birkin ya riƙa gugar faifan har ya yi ja. Wasu tsofaffin mastoci na motocin duram suna da nasu bawul ɗin a cikin bakin fitar mai, sai a duba kafin a ƙara wani. Kamfanin Wilwood yana bambanta nasa da launi, shuɗi na 2, ja na 10, amma ka karanta lambar da ke jiki, kada ka dogara da launi kawai.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne wahalar duba mai. Na taɓa kwanciya rabin jikina a waje rabi a ciki, na naɗe kafet, na kwance ƙusoshi huɗu na ɗan murfin daɓe, tocila a baki, ina ƙoƙarin ɓalle wayar da ta danne marfin masta da sukudireba ta wani ramin da hannuna bai shiga. Da marfin ya buɗe, ƙasar da ta taru a bakinsa ta zube cikin man ina kallo. Wanda ya sha wannan sau biyu ba zai ƙara duba mai ba sai birki ya yi masa magana. In za ka bi wannan hanya, ka yanka ƙofar daɓe mai girman da hannu biyu za su shiga, kada ta faɗa ƙarƙashin ƙafar kujera, ko kuma ka sa kofin mai a sama, a jikin bango ko ƙarƙashin kujera, tiyo ya gangaro zuwa masta. Tiyon ya zama wanda aka yi don man birki, na fetur narkewa yake yi a hankali.

Fedar kanta ta wani rami take shigowa a allon da ƙafa ke dafawa, tana tafiya gaba da ƙasa a lanƙwashe. Ramin nan ƙofa ce ga zafi da hayaƙi da ruwa in ba a toshe shi da roba mai kyau ba. Direba kuma yakan ɗaga ƙafarsa gaba ɗaya ya taka daga sama, kamar a tsohuwar babbar mota. Wasu suna jin daɗin haka. Mai dogon ƙafa da sitiyari ke tokare wa gwiwa ba ya cikinsu.

Jikin bangon inji

A 1952 Ford ta rataye fedojinta daga sama, masta ta koma ɗakin inji, kuma a kan wannan tsari kusan duk motocin duniya suka tsaya. Ba a banza ba. Masta tana sama da kowace taya, gangara tana taimakonka maimakon ta yi maka zagon ƙasa, bawul mai psi 2 ya fita daga lissafi, ko da yake birkin duram yana son nasa mai psi 10 don robobin silindar taya su zauna a buɗe. Duba mai aikin daƙiƙa biyar ne. Yoyo in ya fara, idonka zai gani. Ruwan titi da tsakuwa ba su kai nan. Daɓe ya zauna a rufe ruf, diddige yana ƙasa, ƙafa tana juyawa daga totur zuwa birki yadda kowane direban zamani ya saba.

Ga motar da aka zurma wa bodi a kan shasi, wato aka yanke daɓe aka sauke bodin inci 4 ko 6 ya rufe ƙarfen, sau da yawa wannan ne kaɗai mafita. Daɓe ya hau sama, gurbin ƙafa ya tsuke, fedar da ke ɓullowa daga ƙasa ba ta da filin tafiyar inci 6 ɗin nan, ga shasin ya kusa shafar titi balle a rataya masa wani abu.

Amma fa bangon injin Model A ko na 1932 siririn faranti ne. An yi shi don ya tare zafi da ƙara, ba don ƙafar mutum mai firgita ba. Gwajin da nake yi wa kowace mota mai wannan tsari ɗaya ne: in sa wani ya zauna ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, ni kuma in tsaya a gefen inji ina kallon masta. A wata mota da aka gama fentinta tas, na ga mastar tana gyaɗa kai kamar ƙadangare a duk takawa. Mai motar ya sauya masta sau biyu, ya fitar da iska ba adadi, yana neman dalilin da fedarsa ke da laushi. Bangon ne ke shanye tafiyar. Da na shafa gefen ƙusoshin, fenti har ya fara tsagewa a zagaye. Faranti mai lanƙwasawa kullum ƙarshensa tsagewa ne, ba wai ko zai tsage ba.

Ƙara faranti mai kauri a bayan masta ba ya wadatarwa, yana dai faɗaɗa wurin da ke lanƙwasa ne. Ka duba yadda kamfanonin mota ke yi: maƙalin feda akwati ne da ya haɗa bangon inji da ƙarfen dashbod da mariƙin sitiyari, nauyin ya rarrabu a kusurwa uku. Haka za ka yi, da ƙarfen da ya ratsa daga ginshiƙin ƙofa zuwa ginshiƙin ƙofa a bayan dashbod, in da hali a sauko da ƙafafunsa har inda bodi ya ɗauru da shasi. A bodin faiba wannan ba shawara ba ce, wajibi ne. A Model A kuma akwai ƙarin tarnaƙi: tankin feturinta shi ne kan gaban bodin, shi ne ma dashbod ɗin. Ba za ka yi walda ko huda a jikin tanki ba, don haka ko a yi ƙarfen tallafi da zai zagaye shi, ko a mayar da fetur baya kamar yadda Ford ta yi da kanta a 1932.

Sai ka fito waje ka duba ko akwai wurin ma. Ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955 ya zama injin da aka fi cusa wa waɗannan motoci, yana da distirbuta a baya, shi ya sa ake yawan tura bangon ciki. Marfin bawul na hagu yana nan kusa, kuma in injin Hemi na Chrysler ne mai faɗin kafaɗa, abin ya ƙara muni. Ka tabbata za a iya cire marfin bawul da fulogi na ƙarshe ba tare da an kwance masta ba. Ka tabbata gefen murfin inji, wanda ke tsukewa yana tafiya gaba, zai rufu. Bututan hayaƙi masu ɗagowa sama su ma suna gasa masta a nan, ba ƙarƙashin daɓe kaɗai zafi yake ba. Sannan da yake masta tana jikin bodi, sauran birkin yana jikin shasi, su biyun kuma suna motsi daban, a naɗe bututun ƙarfen zagaye biyu ko uku kafin ya sauka shasi, don ya samu inda zai miƙe ya dawo.

Batun kyau kuwa, gaskiya ce busta mai inci 8 a bangon motar 1932 kamar ƙari take a goshi. Amma ƙaramar masta ta ƙarfen zubi, babu busta, ba ta ɓata komai. Tun a shekarun 1950 kamfanin Ansen ya sayar wa masu hot rod fedoji masu reto, saboda haka wanda ya ce maka ba na gargajiya ba ne, bai duba tsofaffin hotuna da kyau ba.

Bayan dashbod

Nan ana so a ci riba biyu: feda mai reto, bango kuma babu ko ƙusa. Iri biyu ne. Akwai wanda masta ke kwance a gicciye, wani ɗan ƙarfe mai kusurwa yana juya turin feda digiri 90, irin wanda kamfanin Kugel ya yi suna da shi. Akwai kuma wanda masta ke fuskantar direba, kamar yadda Wilwood da Tilton ke yi wa motocin tsere. Ba zafin hayaƙi, ba ruwan titi, ba rami a daɓe.

Ni dai kyan ɗan maciji nake ganinsa. Duk tallafin ƙarfen da tsarin bango ke bukata, wannan yana bukatar fiye da shi. Wurin da zai ci shi ne wurin agogunan dashbod, da injin goge gilashi, da na'urar sanyaya ɗaki, da wayoyi. Kowane ƙarin majuyi ƙarin lasko ne in ya ci. Man birki yana cin fenti, kuma ran da robar bayan masta ta gaji, a kan kafet da takalminka da matakin feda zai ɗiga. Zuba mai sai da kofi na nesa, ko ta ƙofar iskar da ke gaban gilashi in motar tana da ita. A Model A mai tankinta na asali ma ba ya shiga. Ga faffaɗar mota ta ƙarshen shekarun 1930 ko ta 1940 da ake shirya wa baje koli, yana da ma'ana. Ga ƙaramar mota mai kujera ɗaya da za a riƙa hawa, sai in sauran biyun sun gagara.

Busta da kuloci suna iya juya zaɓin

Kafin ka sha wahalar nemo wa busta wuri, ka tambayi kanka ko kana bukatarta. Ƙaramar hot rod marar rufi ba ta da nauyi, kuma da feda mai 6 ko 7 ga 1 da masta mai inci 7/8 ko 1 tana tsayawa sarai da ƙarfin ƙafa. Busta kuma tsotson iska daga inji take rayuwa da shi, tana son kimanin inci 16 zuwa 18 a ma'aunin zaiba. Injin da aka sa wa kamshaf (sandar da ke buɗe bawulolin inji) irin na tsere, irin mai gurnanin nan da ake so, ba ya ba da haka a tsaye. Sai ka samu feda mai 4 ga 1 da bustar da ba ta aiki, wanda ya fi rashin busta muni nesa ba kusa ba. Ana iya ƙara famfon tsotsa na lantarki, ko a sa irin bustar da ke aiki da man famfon sitiyari, amma kowanne ƙarin kaya ne a motar da ba ta da wuri. Cire busta daga lissafi kan sa tsarin ƙarƙashin daɓe da na bango duka su zama masu sauƙi.

Kuloci kuwa yana da tasa rigimar. Feda mai reto tana jikin bodi, inji yana rawa a kan robobinsa a shasi. In ka haɗa su da sandar ƙarfe kai tsaye, duk motsin inji zai shiga kuloci, motar ta riƙa karkarwa wajen tashi. Shi ya sa feda mai reto ta fi dacewa da kuloci mai aiki da mai, wanda ke nufin ƙaramar masta ta biyu a gefen ta birki, da ƙarin faɗi a bango. Wanda ke da tsohon injin Ford mai shimfiɗaɗɗen kai da giyabos ɗinsa na asali, fedojin 1939 a shasi sun riga sun warware masa wannan.

Inda na tsaya

Bodi yana zaune a saman shasi yadda aka ƙera shi, motar ba ta yi ƙasa sosai ba, ko bodin faiba ne, ko kana son bango tsaf: ƙarƙashin daɓe, da babbar ƙofar dubawa, da bawul ɗin da ya dace, da garkuwar zafi. An zurma bodi, ko motar tana shafar ƙasa, ko giyabos da bututun hayaƙi sun cinye lungun hagu, ko kuma motar doguwar tafiya za ta riƙa yi: jikin bango, da tallafin ƙarfe na gaske. In motar ta faɗa tsakiya, kowanne zai yiwu, ni bango nake zaɓa, don na fi yarda da birkin da idona ke gani duk lokacin da na ɗaga murfi.

Ko wanne ne, kada ka kunna walda sai ka zauna a ciki. A sa kujerar gaske da katifarta, ba akwati ba, don inci biyu na soso suna sauya kusurwar gwiwa. Inji, giyabos, sitiyari da bututun hayaƙi su kasance a mazauninsu. Ka yanka feda da katako ko kwali mai kauri, ka maƙale ta da matsi, ka sa takalmi mafi faɗi da kake da shi, ka ɗauke ƙafa daga totur zuwa birki da sauri sau ashirin ido a rufe. In gefen takalmin ya taɓa sandar sitiyari ko ya danna feda biyu lokaci guda ko sau ɗaya, a matsar. Matakin birki ya ɗan fi na totur tasowa.

Sandar tura fistan ta shiga masta a miƙe, karkatarta kada ta wuce 'yan digiri kaɗan a duk tsawon tafiyar, in ba haka ba za ta ci gefen ramin. A bar mata ɗan lasko, kimanin inci 1/16, in feda ta dawo, domin fistan ya koma ƙarshe ya buɗe ƙaramar hudar da mai ke komawa kofi. In hudar nan ta toshe, mai ya ɗumama ya kumbura, birki ya kama kansa a tsakiyar hanya. Feda ta samu sifirin ɗinta na dawowa da abin da zai tare ta a sama, sandar kuma ta kasance ba za ta iya zarewa ta faɗo ba. Mastar ƙarƙashin daɓe sau da yawa baya take fuskanta, don haka kada ka ɗauka bakin da ke gaba shi ne na tayoyin gaba; in faifai ne a gaba duram a baya, babban kofin na faifai ne.

Bayan an haɗa komai an fitar da iska, a ɗaga motar a kan matokarai, a buɗe nonon fitar da iska na taya ɗaya ta gaba da tiyo a cikin kwalba, a taka feda har ta tsaya. Dole ta yi tauri ta kulle tayoyin baya tun da sauran tazara tsakaninta da daɓe, da kafet a shimfiɗe. A rufe, a sake fitar da iska, a maimaita da layin baya a buɗe.